Tafintan Sarauniya Nazeli

Sarauniya Nazeli ta yi magana mai tsawo, ta ɗaga yatsa, ta sauke, sannan ta yi shiru. Duk fada aka juyo ana kallon Barsum tafinta.

"Sarauniya ta ce ba za a yi yaƙi a kan rijiya ɗaya ba," in ji Barsum. "Kwana uku namu, uku na Musulmin ƙetaren kwari, na bakwai na matafiya."

Sarkin yaƙi Odar, wanda tun jiya ya sa aka wasa takubba, ya rusuna. Sarauniya ta gyaɗa kai. Magatakarda ya rubuta.

Shekara tara ke nan ana haka, kuma Barsum bai san ko kalma ɗaya ta Armeniyanci ba.

Yunwa ce ta jefa shi ciki. Lokacin da aka ɗauko wa sarkin Faranjawa, Turawan da ke mulkin birnin, amarya daga duwatsun Armeniya, zazzaɓi ya faɗa wa ayarin a hanya. Ita kaɗai ta iso ƙofar birni a kan alfadari, da zoben ubanta a yatsa. Aka shiga neman tafinta. Fatake uku Armeniyawa suka shiga wurinta, suka fito suna sosa ƙeya, wai maganar gidan sarauta ba irin ta kasuwa ba ce. Barsum ɗan majemi, da ya ji an ce tafinta daga madafar sarki yake ci, ya kutsa kai. Ta faɗi wani abu. Ya dubi leɓenta duk a tsage.

"Ta ce a ba ta ruwa."

Ta shanye kofi biyu, ta nuna shi da yatsa. Shi ke nan aiki ya samu.

A shekara ta biyu kibiya ta sami sarki a mashigin kogi, ya bar jaririya mace. Bisa doka uwa ce ke riƙon kujera har yarinya ta girma. Nazeli ta riƙe. Ta ƙi koyon yaren Faranjawa, manyan fada suka ce girman kai ne, suka ƙara jin tsoronta. Baƙi daga ƙasarta kuwa tun daga ƙofa ake sallamarsu da kyauta, wai ganinsu yana tayar mata da kewar gida. Barsum ya sha gode wa Allah da wannan kewa.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Da farko ya riƙa haddace kalmominta, amma wadda ya ɗauka doki ce ran Litinin, ran Alhamis sai ta koma limamin coci. Ya haƙura, ya ce yaren ne mai wuya. Ya koma duban fuskarta, yana faɗin abin da mai hankali zai faɗa. Da haka aka ƙulla sulhu huɗu, aka gyara ganuwa, aka hana mayaƙa kiwon dawaki a gonakin zaitun na talakawa. Har a Dimashƙa ana zancen hikimar wannan mata.

Sai ga wasiƙa. Kawun sarauniya, babban limamin coci, zai je ziyara Ƙudus, zai biyo ya ga 'yar ƙanwarsa nan da kwana biyar.

Hukuncin tafinta maƙaryaci sananne ne: a yanke harshe, sannan a rataye sauran. Barsum ya ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da ke hana tuwon alkama wucewa.

"Ka gudu mana," in ji matarsa Shamuni.

"In je ina da wannan tumbin?"

"To ka koyi yaren."

"Cikin kwana biyar?"

"Shekara tara kana aikin me, maigida? Ni da ma na yi mamaki. Mutumin da ko Larabcin matarsa ba ya ganewa."

A fada ma ba sauƙi. Odar ya tare shi a soro yana murmushi. "Tafinta, ka rame. Kwantar da hankalinka, baƙon yana jin yarenmu. Ranar ka huta, shi zai fassara mana." Barsum ya san in asirinsa ya tonu, sulhu huɗun nan sun tashi, riƙon kujera ya koma hannun Odar, takubban da aka wasa kuma su sami aiki.

Sarauniya ita ma ta rage cin abinci. Kuyangi suka ce ɗokin ganin ɗan'uwa ne.

Ana gobe baƙo zai iso, bayan azahar, ta kaɗa hannu kowa ya fita. Barsum kaɗai ta tsayar. Tana zaune da akushin zaitun a cinya, tana tofa ƙwallayen a tafin hannu. Ya ga ƙarshe ya zo, ya zube a ƙasa. Tun da ba ji take ba, ya saki baki da Larabcin unguwarsu, ya faɗi komai: yunwar, kofin ruwan, rijiyar, duk hukuncin da ya yanke da sunanta. Ya nemi gafara, ya roƙi a bar Shamuni da gidan.

Ta jira har ya gama. Ta goge hannu a gefen riga, ta leƙa ƙofa, ta dawo ta tsuguna kusa da shi.

"Tashi, ɗan majemi, mu san abin yi," ta ce, da Larabcin ƙauye tsantsa. "Gimbiyar ta ainihi, da hannuna na binne ta a hanya, ni wanki aka ɗauke ni in yi wa ayarin. Shekara tara ina ta surutun banza, ina jira in ji me na ce."