Lomar Attahiru

Batulu tana kankare ƙanzo da cokali a gindin tukunya lokacin da farar motar asibiti ta tsaya a bakin rumfarta. Ba ta ɗaga kai ba. Motoci sun saba tsayawa nan su tambayi hanyar iyakar Binin, su wuce ko ruwa ba su sha ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan tana tuƙa tuwon mutum goma, uku su ci. Su ma ukun baƙi ne, direbobin da ba su san labari ba. Mutanen Bagudo kuwa, da su ci abincinta gara su wuni da yunwa, don kowa ya taso ya ji cewa ita ta zuba wa Attahiru na Geza guba a miya. Ba a kai ta gaban alƙali ba, ba a kuma wanke ta ba. Haka kawai aka bar ta, kamar tsohon kwando a bayan ɗaki.

Wadda ta fito daga motar matashiya ce cikin fararen kayan jinya. A hannunta akwai makullai, an sarƙafa su a wani ɗan jan awarwaro wanda ko yatsu uku ba za su shiga ba. Mariya ce, 'yar lelen marigayi Attahiru. A watan jiya aka ba Kebbi jiharta, aka raba ma'aikata, ita aka dawo da ita daga Sakkwato. Batulu ta gane ta tun ba ta yi sallama ba. Goshin uban ne sak.

Shekarar Mariya huɗu sa'ad da ya rasu, ba ta tuna komai. Abin da ta sani shi ne abin da baffanninta ke maimaitawa duk salla: ya dawo daga cin kasuwa a Dahome, yadda ake kiran Binin a lokacin, ya zauna ga tuwon Batulu da naman akuya. Sai ya miƙe, ya kama wuyansa da hannu biyu, baki a buɗe amma ba sauti. Fuskarsa ta yi baƙi, ya faɗi. Kafin a kawo ruwa an gama.

Da wannan labari ta girma, har ta shiga makarantar koyon jinya. Can ne wata malama ta zana wuya a allo. Ta ce hanyoyi biyu ne a ciki, ta abinci da ta numfashi, bakinsu a haɗe. In za a haɗiye, wani ɗan marfi yakan rufe ta numfashin. Magana kuwa da iska ake yin ta, dariya ma haka, dole marfin ya buɗe. Idan loma ta iso a daidai lokacin, sai ta faɗa inda ba nata ba, ta toshe. Malamar ta kama wuyanta da hannu biyu, ta nuna yadda wanda ya ƙware yake yi. Mariya ta fita daga ajin ta sha kuka.

"Inna, ba guba ba ta," in ji ta, bayan sun gaisa. "Ƙwarewa ta. Na zo in wanke ki."

"Ai na hwaɗa musu tun rannan, ɗiyata."

Ta faɗa ɗin kuwa, ba sau ɗaya ba. Matsalar ita ce duk Geza an san halin Attahiru. In yana gaban akushi, ko hakimi ya yi masa sallama sai dai ya ɗaga hannu. Matarsa ma ba ta taɓa jin muryarsa da loma a baki ba. Don haka 'yan'uwansa suka ce to, in ƙwarewa ce, wa ya sa shi magana? Suka ce sai ta faɗi sunansa. Batulu ta yi shiru, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin amsa laifi.

"Na yi magana da baffannina," in ji Mariya. "Sun ce in kin hwaɗi ko wane ne, da kansu za su zo su ci tuwonki gaban jama'a. Suna ɗaya kawai, Inna. Kowa ne ne, ya raba ni da ubana, ya bar ki da kaya. Wallahi ba ni yahe mishi."

Batulu ta ajiye cokalin. Ta gaji. Ta gaji da zubar da tuwo ga awaki, ta gaji da yadda mata ke janye yaransu in ta zo rijiya. 'Ya'yanta biyu sai a tsallaken iyaka suka sami mazan aure. Ba ta neman komai yanzu, illa ranar da ta mutu a sami sahu ɗaya ko biyu na masu yi mata salla. Ga shi an kawo mata har rumfa, abin da ya rage ta buɗe baki.

Ta buɗe ɗin. Ta dubi hannun Mariya, ta daɗe tana dubansa.

"Na mance, ɗiyata," ta ce. "Tsuhwa."

Mariya ta roƙa, ta yi magiya, har ranta ya ɓaci. Daga ƙarshe ta miƙe ta ce ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta. Motar ta tashi, Batulu ta jawo tukunyarta ta ci gaba da kankare ƙanzo.

Ba abin da ta manta. Mutum ɗaya ne a duniya Attahiru ba ya iya ƙyalewa, wato 'yar yarinyar da ke zaune a cinyarsa rannan, wadda ta ɗaga hannunta da sabon jan awarwaro ta ce, "Baba, na yi kyau?"