Attajirin da ya Juya Baya

Mai aski ya sha faɗa, almakashi na rawa a hannunsa, cewa ba a haifi mai tallar da zai ci kuɗinsa ba. Shi ne ma ke wasa da hankalin mutane. Ya taɓa manna "saura kwalba uku" a jikin man gashin da ya shekara bai sayu ba, kafin la'asar ya sayar da goma sha biyu. Ga kuma amana: wani baƙo, ana tsakiyar yi masa gyaran fuska, makullin baƙar motarsa ya miƙa wa mai askin ya ce ya ɗauko masa waya a kujerar gaba. Wannan labarin kowa a layin ya haddace shi.

Abin da ba ya faɗa shi ne gwangwanin da ke ƙarƙashin gado. Shekara biyu shi da matarsa suna tara kuɗin aikin idon mahaifiyarsa, wadda yanzu sai ta shafa fuskar jikokinta take gane su. Likita ya ce kada a wuce wata biyu. Saura kaɗan kuɗin su cika.

Sai wata talla ta shigo wayoyi. Hoto ɗaya ne: mutum ya juya baya, farar riga, hannunsa a kan ƙofar baƙar mota. A ƙasa an rubuta: "Da almakashi ya fara. Saka ɗaya, ɗauki biyu cikin kwana ashirin."

Ya yi dariya har da buga cinya. Amma da shago ya yi shiru, sai ya sake buɗe hoton ya ƙura ido. Shi da ya san ƙeyar kowa a unguwar, wannan bai san ta ba. Ƙeyar hutu ce, ninki biyu, da tawadar Allah a ƙasan kunnen hagu. Wato wani mai askin can ya haye, shi yana nan yana sharar gashi.

A satin ne tela ya fara gaishe shi da hannu biyu. Bakanike kuma ya zauna a kujera, ya rage murya.

"Maigida, tsakani da Allah, harkar nan ta waya tana biya?"

Mai aski bai taɓa cewa "ban sani ba" a rayuwarsa ba. Ya kashe masa ido ɗaya ta madubi.

"Kai dai tsaya kallo, mu muna wucewa."

Washegari bakanike ya saka kuɗin da yake tarawa na sayen inji. Tela ya saka. Malamar makaranta ta saka, ta jawo ƙannenta biyu. Duk wanda ya zauna aski sai ya faɗa masa ya shiga, ya ƙara da wani irin murmushi.

Nan ya fara sake lissafi. Tela mutum ne da ko zare ba ya saye sai ya zaga shago uku. In har tela ya shiga, to akwai abin da ya gani. Unguwa guda ba za ta haukace rana ɗaya ba.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ba ta kalle shi ba.

"Tunda Allah ya hore, ai sai a kai Inna asibiti. Ɓoye-ɓoyen ya isa."

Ya ce mata ai saura kaɗan. Ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Tana shara a tsakar gida ya jawo gwangwanin. Kwana ashirin ne kawai, cikon zai fito har da na magani. Kafin azahar ya tura komai.

Rana ta goma sha ɗaya shafin da ya tura wa kuɗin ya ƙi buɗewa. Ya danna har babban yatsansa ya yi tsami. Lambar da ke jikin tallar a kashe. Babu ofis, babu sunan kowa, babu ƙofar da mutum zai je ya buga. Da ya koma gida Inna ta tambaye shi ranar asibiti, fuskarta na kallon wajen da ba nan yake tsaye ba. Ya ce an kusa.

Da safe yana buɗe shago suka iso, sun fi ashirin. Har ya ɗan ji sanyi a ransa, ko ba komai ba shi kaɗai ba ne.

"Ku shigo," in ji shi, yana ƙaƙalo dariya. "Ni ma sun aske ni, babu ko ruwa."

Babu wanda ya yi dariya.

"Kira mutanenka," in ji bakanike.

"Waɗanne mutanena?"

"Malam, don kai muka shiga," in ji tela. "Kullum muna ganinka, shi ya sa muka yarda."

"Wallahi ni don ku na shiga."

A bakin ƙofa matarsa na tsaye, gwangwanin a hannunta, murfin a buɗe. Ya rantse, ya sake rantsewa. Rantsuwar mutumin da ya shekara ashirin yana zolayar unguwa ba ta shiga kunnen kowa ba.

Bakanike ya kama kafaɗunsa ya zaunar da shi a kujerar aski. Malama ta ɗaga wayarta kusa da babban madubi, hoton a buɗe. Tela ya ciro ƙaramin madubin da ake nuna wa mutum bayan kansa in an gama, ya riƙe masa shi ta baya.

Mai aski, wanda tun yana saurayi yake aske kansa da lalube, ya ɗaga ido. Ga ninki biyu, ga tawadar Allah a ƙasan kunnen hagu: ƙeyar attajirin ce, wadda aka ɗauka a hoto ranar da baƙon nan ya aike shi mota, tana zufa a saman wuyansa.