Baba Jalilu Ya Ce Da Sauƙi

"Baba, don Allah yau ɗaya ka faɗi halin da muke ciki," in ji 'yarsa Hikma, tana miƙa masa waya.

Wata huɗu ke nan da aka sallami Baba Jalilu daga aiki a filin ƙwallon Old Trafford, banki kuwa sai yankar masa caji yake yi. An ce za a mayar da kuɗin ga duk wanda ya nuna yana cikin matsi. Ma'aikaciyar banki ce, Chloe, ta kira daga Birmingham da Turancin 'yan can.

"Kuna iya biyan haya?"

"Mun gode Allah," ya amsa da Turanci.

"Abinci fa?"

"Alhamdulillahi."

Hikma ta dafe kai. Rabonsu da kunna hitar ɗumama ɗaki tun Disamba.

"To, yaya al'amura yanzu?"

Turancin ya ƙwace masa. Ya ja numfashi ya ce, "Da sauƙi."

Hikma ta fid da rai.

Sai muryar Chloe ta dawo da Hausar Jos raɗau: "Baba, kakana ma 'da sauƙi' ya ce mana ranar da ya cika. Za a mayar maka da kuɗinka."