Ruwan Shanya

Da ta zura kwandon cefane da igiya daga barandarta a hawa na biyar, sai ta ga shagon ƙasa a rufe. Korona ta kwantar da mai shagon ma.

Tun da aka binne mijinta ba zaman makoki, muryar mai shagon nan kaɗai take ji a duk faɗin Alƙahira. Likita ya gargaɗe ta a waya cewa ta riƙa magana da wani kullum, in ba haka ba hankalinta zai gushe. Shi ya sa take sayen gishirin da ba ta buƙata, don ta yi sallama a amsa mata.

Titi ba kowa. Ta daɗe tana auna nisan ƙasa da ido, har ta ɗora gwiwa kan ƙarfen barandar.

Sai aka fizgi igiyar kwandon. Maƙwabciyarta ce ta hawan da ke ƙarƙashin nata, wadda suka yi shekara da shekaru suna faɗa saboda ruwan shanya da ke ɗiga mata.

"Ke Hajiya, mutuwa kika yi ne? Barandata ta bushe ƙayau, na rasa wanda zan zaga. Bango nake yi wa magana!"

Ta sauke gwiwar. Ta shiga ta ɗauko zanin gado mai tsabta, ta tsoma a bokiti, ta shanya ba ta matse ba.

"Allah ya isa, muguwa!"

"Kira 'yan sanda mana," in ji ta. "Gobe bargo zan wanke."