Ɓarawon Maganin Ɓeraye

Farfesa ya damƙe hannun mai shara a cikin firjin ɗakin gwaji, da kwalba a tafinsa.

"Ashe kai ne ɓeran da ba ya cikin keji!"

Shekara biyu Farfesa yana gwada magungunan dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai motsa sha'awa, a kan ɓeraye maza. Wani yana sa su haukace wa matansu, wani kuma ya kashe musu sha'awa murus. Ya yamutsa fuska, ya tofar da yawu.

"Tir! Ƙatti da gemu su riƙa ɗirkar maganin ɓera don ƙarfin maza? Waɗanne ƙazamai kake sayar wa?"

Mai shara ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, ba mai tayarwar nake ɗauka ba, mai kwantarwar ne. Kuma mace ɗaya ce ke karɓa."

"Wace ce?"

"Mai ɗakinka. Tun ranar da ɗalibarka ta je mata da kuka, ta faɗi abin da kake nema kafin ka sa mata hannu a takarda. A shayin safe take zuba maka."

Farfesa ya zauna daɓas. Wata uku ke nan yana zaga asibitoci a ɓoye.