Wasan Ɓuya a Kasuwar Kifi

A duk birnin Semarang babu ɗan acaɓan da ya kai ni sanin sirrin mutane. Fasinja na hawa bayana sai bakinsa ya buɗe, tunda ba fuskata yake kallo ba. To, banda sirrin gidana. Matata sai da ta yi wata biyu da sa haƙorin roba kafin na lura. Bu Parmi mai shayi, ƙaro min kofi. A'a, ba na ɗaukar kowa yau, mashin ɗin hutawa yake.

Akwai wata yarinya da nake kaiwa asibitin masu damuwa duk Litinin da Alhamis. Ba zan faɗi sunanta ba. Shekararta ashirin da shida, ga kyau ga ilimi. Amma da safe ta ce kai ne rayuwarta, kafin la'asar ta goge lambarka. Ƙawa ta yi lattin minti biyar, shi ke nan, wai an guje ta. Aiki uku ta bari. Samari biyu sun gudu, na ukun ita ta kore shi tun kafin ya yi tunanin gudu. Ko rana na ƙuna riga mai dogon hannu take sawa, kada a ga abin da ta yi wa kanta da reza.

Likitarta, wata Bu Ratri, Malama Ratri ke nan, ta faɗi sunan ciwon. Ni da na tsaya a aji shida ina zan iya maimaita shi? Maganin ma ba allura ba ne, kujeru ne. Wai a cikin yarinyar mutane ne da yawa. Akwai 'yar ƙarama mai tsoro, akwai mai masifa, akwai mai rufe ƙofa ta ce ba ruwanta da kowa. Kowacce da kujerarta. Ta zauna nan ta yi kuka, ta koma can ta zazzaga faɗa, likita na lallashin ƙaramar kamar ita ta haife ta. Shekara guda ana haka, sai ga sauƙi. Ta riƙe aiki ɗaya har wata bakwai. Ta fara naɗe hannun riga.

Sai likita ta ce a kira uban.

Uban nan mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Barkwanci ne kawai ya yi masa yawa. Tana shekara biyar, in ya je da ita kasuwar kifi sai ya saki hannunta ya ɓuya bayan kwanduna. Ta waiga, ba Baba. Ta yi ta zagaye tana "Baba! Baba!", majina har baki, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai ta kusa shiɗewa ya faɗo, "Ga ni!" 'Yan kasuwa su kwashe da dariya, ya saya mata alewa. Kusan duk Lahadi. Wasa ne fa.

Ya je asibitin. Likita ta ce masa, "Malam, ga wuri can kusurwa. Abu ɗaya nake roƙo, ka saurara, kada ka ce komai." Ta jawo wata kujera ba kowa a kai, ta ajiye gaban yarinyar. "Ga Babanki na wancan lokacin. Gaya masa."

Yarinya ta fuskanci kujerar. Da ta buɗe baki, muryar 'yar shekara biyar ce ta fito.

"Baba, ni ban san wasa ba ne. Duk Lahadi sai in ce yau kam da gaske ne. Na ɗauka don ina cin abinci da yawa ne kake so ka yar da ni. Shi ya sa na daina karyawa ran Lahadi."

Uba ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi, gumi na bin bayansa har cikin wando. Ya tuna, wallahi haka ne, ba ta ci ran Lahadi. Har tsokanarta yake yi wai ustaziya ta fara azumi tun ba ta yi wayo ba. Ya rasa inda zai sa idonsa. Sai bakin nan nasa ya buɗe da kansa.

"Likita, kujerar nan ta fi ni haƙuri. Ko in bar mata ita ta riƙa kiranta Baba?"

Ba wanda ya yi dariya. Yarinya ta ja hannun rigarta ya sauko har ƙasa, ta ɗauki jaka. A bakin ƙofa ta yi magana, da likita take, ba da shi ba: "Alhamis mai zuwa ƙarfe huɗu, in zai iya yin shiru ya zo. In bai zo ba, ba zan sake nemansa ba. Na gaji da nema."

Ranar a bas ta koma gida.

Me ya faru? Ya je mana! Tun uku da rabi yana can. Ya zauna kamar an ɗinke masa baki, ta amayar da duk abin da ke ranta. Ya durƙusa ya nemi gafara, suka rungume juna, har likita sai da ta share hawaye. Ni na mai da su gida, su biyu a mashin ɗaya, suna ta dariya. Ƙarfe nawa yanzu? A'a, tambaya kawai na yi.

Me kika ce, Bu Parmi?

"Na ce ƙarya kake, Kasno. Matarka ta gaya min komai, ba a yi zaman nan ba tukuna. Ka zo ka zauna min tun azahar da rigar batik ta zuwa biki, kana ta surutu. Yau ce Alhamis ɗin, kuma huɗu saura kwata. Ajiye kofin nan ka tashi, 'yarka na jiranka."