Lambun Tela a Saman Bene

An yi wani tela a wata unguwa da babu inuwar kirki, wanda kullum in aka zauna majalisa sai ya ce duk birnin nan babu mai lambu irin nasa, kuma ba a ƙasa ba, a saman benensa. Wai tumatirinsa ɗaya yana isar miyar gidan biki, kabewarsa kuwa sai an ɗaura mata igiya ake sauko da ita. Ba wanda ya taɓa gani, don matakalar tana can cikin gida, gidan kuma ba a shiga. Gaskiyar magana, ba komai a saman sai tsohuwar taya da igiyar shanya, ga zafin siminti yana dafa iyalinsa a ɗaki kamar dankali. Ana nan sai mai unguwa ya sanar cewa masu tsara birni za su tashi ɗan jirgin nan maras matuƙi ya ɗauki hoton rufin kowane gida, a haɗa taswira, a ga inda ke da kore da inda babu. Tela ya shiga neman mafita, don shi wannan baƙon ba ya sallama, ta sama yake leƙowa. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, in an ga koren me za a yi? Wani ya ce kyauta za a ba mai shi, wani ya ce haraji za a ɗora masa, wani ya rantse jirgin har ƙamshin ganye yake ji. Tela bai gane komai ba, sai dai ya san kunya na tafe. Ranar da maƙwabcinsa ya tafi ƙauye ɗaurin aure, sai ya haura katanga ya sassare rassan mangwaron mutumin, ya kakkafa su cikin bokitan yashi, ya jera a saman bene. Washegari jirgi ya zo ya yi ta ƙugi kamar ƙudan zuma, ya tafi abinsa.

Da taswira ta fito aka kafa ta a ƙofar mai unguwa. Duk unguwa ja wur, gidan tela kaɗai kore shar. Ya karkace hula yana jiran tafi. Sai ma'aikaciyar da ta kawo taswirar ta ce ai jan nan shi ne inda zafi ya yi yawa, masu shi za a ba tankin ruwa da ƙasar shuka da dashe, mai kore kuwa ya riga ya wadatu, Allah ya ƙara albarka. Tela ya dubi taswira, ya dubi ma'aikaciya, ya rasa wadda ta cuce shi. Ya buɗe baki zai ce ba shi da lambu, ga takarda ta ce yana da shi, ga mutanen da suka gaji da jin labarin kabewa suna kallonsa. Ya laluba gidan maƙwabcinsa a taswira, ya gan shi ja, shi ma zai sha tanki, tunda itacen da zai sa shi kore yana can saman benen tela. Bai gama wannan juyayi ba ma'aikaciya ta roƙi a kai jama'a su ga lambun, kowa ya koya. Mai unguwa ya sa baki, mata suka shige ɗaki, aka hau. Sai ga busassun rassa a tsaye cikin bokitai, ganye ya naɗe kamar kilishi. Tela ya ce wallahi ranar bana ce, jiya-jiyan nan lafiyarsu lau. Maƙwabcin, da ya riga ya dawo daga ƙauye, ya kama reshe guda ya ja, ya fito salin-alin, ba saiwa, ga saran adda a gindi. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Maƙwabci, ashe kabewar taka da ganyen mangwarona take fitowa?"

To ka ji. Shi ya sa masu iya magana suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.